Saiwar Albasa a Kwalaben Sa'idu

Ku 'ya'yana, musamman ke Binta, kun tashi kun tarar ana kiran Baffa Sa'idu da suna Dakta, kun kuma ga yadda ake jan sunan ana ɗan murmushi. Kun ɗauka wasa ne irin na gari, mutum ya je ƙasar Turawa neman babban digiri ya dawo hannu rabbana, ya ƙare yana koyar da yara a firamare. Ni ma na bar ku a kan haka shekara da shekaru, har wani lokaci ina taya ku dariyar. To yau zan gyara maganar, tunda shi ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. Wallahi ina rubuta wannan babin ne fuskata tana zafi kamar an mare ni.

Sa'idu ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma kun san abin da ke tsakanin taubasai. Tun muna yara ba ya kirana da sunana na yanka, sai dai Kantulu, wai kaina ya yi kama da tulun Inna. Ni kuma ina ce masa Bature saboda yadda yake tafiya da littafi a hammata ko gona za shi. A gaban surukaina ma bai fasa ba, ranar ɗaurin aurena da uwarku Hajara sai da ya ce wa mutane a duba da kyau, kada amarya ta ɗebi ruwa da kan ango. Shi ya yi karatu mai zurfi, ni na tsaya a tsakiya. Da ya samu aiki a wata tashar gwajin itatuwa da ke kusa da Ɗanbatta, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni mai kula da renon dashe. Gonar babanmu kun san ta, taku kaɗan ka kai iyakar maƙwabci, mu kuma maza biyar ne a gidan. Ba don wannan aikin ba da tuni na bi 'yan cirani.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta biyu a jere da ruwan sama ya yi mana rowa. Gero ya yi bununi ya tsaya, gyaɗa ko iri ba ta mayar ba. Rijiyar ƙofar gidanmu sai a zura guga a jawo taɓo, mata su zauna su jira ya kwanta su tace. A tashar tamu akwai tanki na ƙarfe da mota take cikawa daga birni, da farko duk mako, daga baya sai an ga dama, don ita ma hukuma aljihunta ya bushe, ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. A cikin wannan hali ne Sa'idu yake renon wata bishiya da ake kira fayin, irin wadda ake gani a Jos mai ganye kamar allura. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya irin na mangwaro, ƙwayarta a fili take cikin wani abu mai ɓawo-ɓawo. Ya ce irinta sun riga duk itatuwan da muka sani zuwa duniya. Na ce masa to tsohuwa ce ke nan, a bar ta ta huta mana, ana fama da abin da za a sa a baki.

Bai ji haushi ba, sai ya ja ni gindin darbejiya ya share ƙasa da tafin hannu ya yi zane da tsinke. Ya ce a can ƙarshen saiwa, ɗan farin kan nan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, akwai ƙwayoyin halitta kamar 'yan ɗakuna, kowane ɗaki yana rabuwa biyu, da haka saiwa take tsawo. A cikin kowane ɗaki akwai wasu zaruruwa da suka fi yanar gizo sirantaka, masana suna ce musu maikurotubul. Idan ɗaki zai rabu, sai zaruruwan su taru su yi masa ɗamara a tsakiya. Sai ɗamarar ta ɓace, su sake jeruwa kamar mazarin kaɗi, su ja kayan gadon da ke cikin ɗakin, rabi nan rabi can, babu wanda aka cuta. Daga nan su dawo tsakiya su gina bango, kuma bangon yana tashi daidai inda ɗamarar nan ta zauna, ko da yake babu alamarta. Ya ce an ga haka a albasa da alkama, amma a irin wannan tsohuwar bishiya, wadda ta tashi cikin zafinmu da yashinmu, ba a duba sosai ba. Wani farfesa a Turai mai babban madubin ƙara girma ya yarda ya ba shi wata uku ya zo da saiwoyinsa su duba tare, in abin ya yi kyau ya zarce da karatun digirin.

Na ce, "Yanzu Bature, saboda zaren da ko maɓalli ba zai ɗinka ba za ka hau jirgi?"

Ya ce, "Kantulu, in da a gidanku ake rabon gado yadda saiwa take yi, da alƙali ya mutu da yunwa."

Aikina a ciki shi ne hannu. Allah ya ba ni hannu marar rawa, shi kuwa Sa'idu ko zare ba ya iya zurawa a allura. Don in ƙware, sai ya sa na yi ta gwaji da albasa: a ɗora ta a bakin kofi mai ruwa, kwana uku ta fitar da fararen saiwoyi, in sa reza in yanke kan, in jefa cikin 'yar kwalba mai ruwan magani kafin ya bushe. Na yi har na iya yi ido rufe. Da lokacin neman takardun tafiya ya zo, dole ya tafi Legas, ya ce abin zai ɗauke shi makonni. Ya bar mini tukwanen fayin ɗari biyu a ƙarƙashin rumfa, da kwalabe arba'in da ya riga ya manna wa takarda da sunan bishiyar, da ƙa'ida: ban ruwa safe da yamma, in sun cika mako shida in tono su da hantsi, in yanke kan saiwa, in sa a firjin kananzir. Ya roƙi shugaban tashar aka ware masa kason ruwa daga tanki, aka ba ni mabuɗin famfon. Da zai hau mota bai ce in rantse ba, bai ma ja mini kunne ba, cewa kawai ya yi kada in sha maganin kwalaben in na ji ƙishirwa.

Kwana tara da tafiyarsa aka haife ki, Binta. Kafin ke uwarku ta haifi namiji bai zo da rai ba, ita ma ta kumbura har muka fitar da rai, kuma matan gidan sun haƙiƙance rashin wankan jego mai kyau ne ya jawo. Mahaifiyarta ta rasu, don haka a gidanmu za ta yi wanka, a hannun Inna. Ku na yanzu kuna jin wankan jego a baki. A lokacinmu rabin duro ake ɗorawa a murhu, a tafasa har yana tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, kwana arba'in babu fashi. Namijin da ya kasa kawo ruwa da itacen jegon matarsa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Itace na samu. Ruwa kuwa, 'yan garuwa sun daina shigowa ƙauyenmu, rijiyar ƙofar gida ta ƙafe, ɗaya da ta rage tana da nisa, kuma sai ka wuni a layi ka samu tulu guda. Kwana uku ana wankan da abin da bai fi a yi alwala ba. Rana ta huɗu Inna ta tare ni a zaure, ta kama hannun Hajara ta danna mini ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ta ce, "Haruna, kai ne kake kwana da mabuɗin ruwa a aljihu, matarka tana ɗanyen jiki. Itace kake shayarwa. To in ta mutu sai ka auri itacen."

Ba zan ɗora wa Inna laifi ba, Allah ya ji ƙanta, abin da ta sani ta faɗa. Akwai hanyoyi a gabana. Ina iya zuwa wurin shugaban tasha in faɗi halin da nake ciki, ina iya aika wa Sa'idu saƙo ta direbobin Kano. Girman kai ya hana ni, ina jin kunyar a ce ma'aikaci guda yana roƙon ruwan wankan matarsa. Ka ji fa, kunyar roƙo ta kama ni, ta sata ba ta kama ni ba. Da azahar in kowa ya tafi masallaci sai in cika jarka biyu in ɗaure a keke in rufe da buhu. Na ce wa kaina rabi zan ɗiba in bar wa dashen rabi. Sai motar ruwa ta yi mako biyu ba ta zo ba, rabin ya koma rubu'i, rubu'in ya koma yayyafi da tafin hannu. A gida kuwa na zama gwarzo, Inna tana sa mini albarka, maƙwabta suna cewa Hajara ta yi dacen miji. Kumburin ya sauka, ko don wankan ne ko don Allah ya riga ya rubuta, ban sani ba. Ina shan kunun kanwar da aka rage mini ina jin daɗin yabon.

Ita fayin ba ta yin yaushi ta yi maka gargaɗi kamar dawa. Tana nan tsaye kore shar, sai rana ɗaya ka ga ta koma ja, ka taɓa allurar ta zube. Ranar da mako shida ya cika na zo da reza da hantsi, na fasa tukunya ta farko, na ga saiwa ta yi baƙi ta ƙeƙashe kamar gashin masara. Na fasa ta biyu, na fasa ta ashirin, na fasa har ta ƙarshe, ban samu farin kai ko ɗaya ba. Na zauna a ƙasa cikin fasassun tukwane, gumi yana bin bayana. A nan ne ya kamata in tsaya, don har zuwa lokacin ɓarna ce kawai, wadda ake faɗa a sha faɗa a wuce. Amma da na koma gida sai idona ya faɗa kan albasa uku a cikin kwandon Hajara. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ko kaɗan. Na ce a raina saiwa ai saiwa ce, shi da bakinsa ya ce zaren yana cikin albasa ma, kuma ɗan farin abu a cikin kwalba wa zai bambance? Na ɗora su a kofuna a bayan firji, bayan kwana uku na yanka su da hantsi, daidai yadda ya koya mini, na cika kwalabe arba'in masu ɗauke da sunan fayin da rubutun hannunsa.

Ya dawo saura kwana biyu jirginsa ya tashi, ya rame, ya yi baƙi, amma bakinsa har kunne. Ya ga matattun dashen, na ce ai tun da na tono su na yanke saiwar suka mutu, ga zafi. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga kwalba ɗaya a hasken rana ya juya ta, ya ce kai Kantulu, ashe kan nan ba ruwa ne kaɗai a ciki ba. Ya zo gida ya ga jaririya, ya ce Allah ya taimake ta ba ta ɗauko kan ubanta ba. Ranar tafiya rabin ƙauye ya raka shi bakin titi, kawu yana share hawaye da hannun riga, liman ya yi addu'a. Ni na ɗauko masa akwatin kwalaben a kaina har cikin mota. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Wata biyu da 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, ba sanarwa, ba tsaraba. Abin da ban sani ba, don ban tsaya na saurara da kyau ba ranar da yake zane a ƙasa, shi ne kayan gadon nan da zaruruwa suke ja ƙirgaggu ne, kowace shuka da adadinta. Na fayin ashirin da huɗu ne, na albasa goma sha shida. Shi da mutanen farfesan sun shafe makonni suna gyara saiwoyin, suna yanka su siriri, sai ranar da aka sa a madubi, a gaban farfesan da ɗalibansa, aka ƙirga. Aka buɗe wata kwalbar aka ƙirga, aka buɗe wata. Mutumin da ya zo daga wata ƙasa da takarda mai sa hannunsa cewa wannan fayin ce, sai ga albasar miya. Farfesan ya ɗauka ko maƙaryaci ne ko bai san aikinsa ba, ya rubuto wa wurin aikinmu takarda. Ta iso daidai lokacin da ake neman sunayen da za a soke.

Aka kafa kwamiti na mutum uku, aka kira shi ofis. Ina tsaye a bayan taga da butar ban ruwa a hannu, ina jin komai. Shugaban ya tambaye shi wa ya yanka saiwoyin, don kowa ya san ni ne mai reza a tashar.

Sa'idu ya ce, "Ni na yanka, ranka ya daɗe. Na haɗa kwalaben gwaji da na aiki. Haruna ban ruwa kawai na sa shi."

Taku biyar ne tsakanina da ƙofar ofishin. Na tuna da ke, Binta, da uwarki, da rumbunmu da babu komai a ciki, na kuma ce wa kaina shi mai ilimi ne, zai samu wani aikin. Na juya na tafi ina zuba wa darbejiya ruwa. Aka sallame shi a ƙarshen watan, ni kuwa na zauna a tashar har na yi ritaya da fansho da takardar yabo, wadda kuka sa wa gilashi kuka rataye mini a ɗaki.

Bayan mako guda ya yi sallama a zaurenmu da la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma ina jiran ashar, ina ma fatan ya zage ni, ko ya kama ni da kokawa yadda muke yi muna yara. Sai ya zaro hoto daga aljihu ya miƙo mini. Baƙi da fari ne, ɗaki guda na saiwa, ga zaruruwan sun jeru kamar mazari, yadda ya zana mini a ƙasa, ga kayan gadon a tsakiya kamar 'yan tsutsotsi. Ya ce farfesan, duk da fushinsa, ya ce bai taɓa ganin yanka mai tsabta irin wannan ba. Na riƙe hoton na kasa ɗaga kai. Aka kawo ki ya karɓe ki ya yi miki addu'a, ya daɗe yana kallon fuskarki.

Sannan ya ce, "Yaya mai jego? Ruwan ya ishe ta har arba'in?"

Na ce, "Ya isa."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Sai an jima, Malam Haruna."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Kuma daga ran nan bai sake ce mini Kantulu ba. Bai ƙaurace mini ba, kada ku fahimce ni a karkace. Duk sunan da aka yi a gidan nan ya zo, ya yi mana ta'aziyyar Inna kwana bakwai yana zaune, shi ya koya muku ƙirga a aji uku. In mun haɗu a kasuwar Ɗanbatta zai tsaya ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake gaida baƙon da ake ganin girmansa. Sau da yawa na tsokane shi, in ce Bature ina aka fito, ko zai rama, sai ya yi murmushi ya ce daga makaranta, Malam Haruna. Mutanen gari suka laƙaba masa Dakta, tunda ba su san abin da ya faru ba sai cewa ya je ya kasa. Kawu ya mutu yana jin ana faɗa. Na taɓa jin ki, Binta, kina 'yar shekara bakwai, ke da ƙawayenki kuna bin bayan kekensa kuna rera sunan. Ina zaune a dakali, ban tsawatar ba, don ina tsoron in na buɗe baki a tambaye ni dalili.

Bara da ciwo ya kwantar da shi na shirya maganata tsaf, na maimaita ta a hanya kamar mai hadda. Na same shi a kan katifa ya zama ƙashi da fata, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Na ce ina son magana da shi, suka fita. Na durƙusa kusa da kansa na ce Sa'idu, maganar kwalaben nan. Ya ɗago hannu da ƙyar ya dafa nawa, hannun nan da ya yi yankan, ya ce an gode da dubiya, Malam Haruna, Allah ya ba da lada. Ni kuma, tsoho da furfura, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tashi na nemi takalmana. Kwana huɗu bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Hoton yana cikin akwatin ƙarfena, a ƙarƙashin takardun fansho. Ku ɗauko shi ku ƙirga da kanku, goma sha shida za ku samu. Ku sauke takardar yabon nan daga bango. Sannan ke Binta, tunda ke aka yi wa hidimar, ki ɗauki wannan babin ki kai gidan Baffa Sa'idu, ki tara 'ya'yansa ki karanta musu da ƙarfi, su ji cewa ubansu bai kasa ba, albasar uwarku ya ɗauka zuwa Turai, kuma ni na zuba masa ita. In sun tambaye ki wa ya aiko ki, kada ki ce Malam Haruna. Ki ce Kantulu ne.